Sababbin shiga harkar keke, ga ramukan da kuke ta faɗawa

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 layinmu ya cika da kekuna. Wani ya jingine babur ɗinsa a soro, wani ma'aikaci ne da ya fi shekara ashirin rabonsa da taka feda. Ni dai na ji daɗi, don na daɗe ni kaɗai nake shan tsiyar 'yan majalisa. Sai dai kusan kullum bayan la'asar sai wani ya turo kekensa ƙofar gidana yana cewa "Malam, ɗan duba min," kuma in na duba, ɓarnar jiya ce dai wani ya sake yi yau. Bakina ya gaji. Ni ba mai gyara ba ne, mutum ne kawai da ya shekara goma sha bakwai yana zuwa aiki a keke daga Hotoro zuwa Sabon Gari, kuma abin da zan faɗa jikina da aljihuna ne suka biya kuɗin karatunsa.

Na fara da birki, don shi ya karya ni.

Mu da muka tashi a kan Raleigh da Phoenix da Hero, hannunmu ya riga ya haddace abu ɗaya: dama birkin gaba, hagu birkin baya. Haka ake haɗa keke a Ingila da Indiya da Sin. Amma kekunan Amurka da na ƙasashen Turai da dama akasin haka ne, hagu ne gaba. Su kuwa kekunan gwanjon da muke kira 'yan Beljiyam a cakuɗe suke zuwa, wannan daga nan, wancan daga can, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba, don shi ma sau da yawa bai lura ba. Ranar da na sayi nawa na farko mai birkin faifai, ina ta washe baki, na hau na kama hanyar gida. Ban yi nisa ba wani mai A daidaita sahu ya ga fasinja ya taka birki a gabana ba sigina ba komai. Hannuna na hagu ya yi abin da ya saba tun ina yaro, ya damƙe iya ƙarfinsa. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta tashi, na bi ta saman kan keken na sauka a kan tafin hannun dama. Sai da na ji ƙarar ƙashin kafin na ji zafin. Sati shida wuyan hannuna yana ɗaure, ina cin tuwo da cokali a hannun hagu kamar yaron goye, uwargida ce ke ɓalle min maɓallin riga. Duk wannan saboda ban ɓata minti ɗaya a gaban mai shagon ba.

Minti ɗayan kuwa ga shi: kafin ka hau kowane keke da ba naka ba, ko na aro ne, tsaya a gefensa, matse hannu ɗaya, tura shi gaba, ka ga wace taya ce ta tsaya. Ni yanzu duk keken da ya shigo gidana sai na sa an juya wayoyin birkin sun koma yadda hannuna ya saba. Wasu abokan hawana suna cewa gara mutum ya koyi sabon tsarin. Su je su koya. A lokacin firgici ba kai ke tuƙi ba, sabo ne. In birkin mai amfani da mai ne ba waya ba, kada ka kwance shi da kanka, kai wa wanda ya san hannunsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu jin irin wannan labari su je su cire birkin gaba ɗungurungum, wai shi ke kayar da mutum. Haba jama'a! In ka taka birki nauyinka gaba yake tafiya, tayar baya ta yi sakayau ta fara jan ƙasa, don haka yawancin tsayuwar a tayar gaba take. Wanda ya cire shi ya zubar da fiye da rabin birkinsa. Je ka filin makaranta ranar Asabar, ka riƙa gudu kana tsayawa, ka ja mazaunanka baya, ka matse hannu biyu a hankali kana ƙarawa, ba fizga ba. A cikin yashi ko laka ne kawai nake sassauta na gaba in dogara da na baya.

Na biyu bai karya ni ba, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A danja ne, wata tirela tana tsaye, tsakaninta da bakin kwalbati akwai ɗan fili daidai keke. Na kutsa na tsaya dab da tayar gabanta ta dama, ina jin na yi wayo. Da aka ba da hannu ashe dama za ta karya. Kan motar ya fara yin hagu kaɗan kamar mai wucewa, sannan ya naɗo, gangar jikin ta biyo tana cinye filin da nake tsaye. Na saki keken na faɗa kwata. Ina kallo tayoyin baya suka bi ta kan tayar gabana, rim ɗin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Direban bai tsaya ba, kuma ban ga laifinsa ba, don bai san da ni ba. Daga kujerarsa akwai wuraren da madubi ba ya nuna masa, kuma tayoyin bayan doguwar mota ba sa bin sawun na gaba a kwana, ciki suke yankowa. Dokata tun daga ranar: tirela, tifa, tankar mai, doguwar bas, ko dai ina bayansu inda nake hango fuskar direba a madubinsa, ko na yi musu nisa a gaba. Gefensu kuwa, ko an shimfiɗa darduma ba na shiga.

Ɗan'uwan wannan shi ne wanwe, wato bin hannun da motoci ke tahowa. Kullum hujjar ɗaya ce: "Ai gara in riƙa ganin motar da ke zuwa." Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, kuma keke abin hawa ne, dokar ta hau kansa. Yi lissafi ma: mota tana gudun kilomita 50 kana 15, in hanyarku ɗaya saurin da take cimma ka da shi 35 ne, in kun fuskanci juna 65. Sannan wanda zai fito daga lungu ya hau titi hagunsa yake kallo, inda motoci ke tahowa, kai kuma ga ka ta damansa. Kada kuma ka manne da motocin da aka faka, ƙofa ɗaya za a buɗe a kwashe ka. Bar tazarar da ta kai faɗin ƙofa ko da na baya zai yi ta hon.

Sai baƙin mai. Ban san wanda ya fara koya wa mutane zuwa wurin masu juyen mai su roƙi na kwalba su tuttula wa kaca ba, amma ya cuce mu. Man da ya gama aiki a inji cike yake da dattin ƙarfe, ga danƙo. Ka haɗa shi da ƙurar hunturu, ka samu abin wasa wuƙa. Tsohon Phoenix mai kaca a rufe yana iya jurewa, amma mai giya bakwai ko tara kacarsa siririya ce, za ta miƙe, ta cinye haƙoran giya, sai ka ji feda tana zillewa in ka taka da ƙarfi. A lokacin kaca kaɗai ba ta isa, sai an sauya har da giyar, na taɓa biyan wannan kuɗin ina ƙunƙuni. Ni man keken ɗinki nake sawa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, in juya feda baya, sannan in goge da tsumma har sai ta yi kamar ba a sa komai ba. Masu tsada za su ce ya yi ruwa da yawa. Gaskiyarsu, shi ya sa nake sawa duk Juma'a. Kuma in birkinka na faifai ne, ko ɗigo kada ya taɓa faifan. Wani yaron maƙwabcina ya ji nasa yana ƙara, ya shafa masa mai don ya yi shiru. Ya yi shirun kuwa, ya kuma daina tsayawa, sai da aka sayi sababbin robobi.

Taya ma tana da tarko. Ka je kasuwa ka ce a ba ka "28", a ba ka, ka zo gida ta ƙi zama. Tayar tsohon keke mai lamba 28 x 1½ faɗin rim ɗinta milimita 635 ne, ta kekunan Turai ta yanzu da su ma ake ce wa 28 kuwa 622 ce. Duba gefen tsohuwar tayar, za ka ga lamba kamar 37-622 ko 40-635, ita za ka rubuta a takarda ka tafi da ita. Na hawa dutse mai 26 yawanci 559 ne. A nan gefen kuma aka rubuta yawan iskar da take so. Mai yawo da taya a saɓule shi ne abokin mai faci, don da ya daki bakin rami rim zai cije tib ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji.

Sirdi: in kana zaune tafin ƙafarka biyu na taɓa ƙasa, ya yi ƙasa da yawa, gwiwa za ta gaya maka. Ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe, nan ne daidai. Ƙafar wando da bakin babbar riga a tattare su. Abin sauraron waƙa a kunne, a'a. Fitila fara a gaba, ja a baya, ko ta 'yar caji ce, don bayan magariba baƙar jallabiya a titin da ba wuta ba ta da maraba da inuwa. Hular kwano ina sawa, ana min dariya, na saba. Amma ta gwanjo ba na saye, don soson cikinta bugu ɗaya yake ɗauka, kuma ba ka san kan wa ya riga ya tare ba.

Waɗannan sababbin kekunan masu ɗan maƙulli a tsakiyar taya, wanda ake cire ta ba sai da sifana ba, mutane suna murɗa shi kamar noti su bar shi a buɗe. Ninke shi ake yi, da ƙarfin da zai bar maka shaida a tafin hannu. Masu keken lantarki kuma, batirin lithium ba ya son zafi, ba ya son cajar da ba tasa ba. Kada ka jona shi a ɗakin da yara ke kwana ka tafi barci, kada ka bar shi a rana tsakar gida a watan Afrilu, kuma in ya kumbura ko ya sha faɗuwa, rabu da shi. Ɗan ƙanena yana da irinsa, na ce masa ya riƙa caji a soro, kan siminti, nesa da buhunan gawayi. Ya ce, "Kawu, ai a soron ne za a sace." Na ce to ya zauna kusa da shi ya yi tilawa har ya cika.