Yadda za ka fara koyon harshen Tigiriniya

Ni tela ne a Tudun Wadan Gusau, kuma Tigiriniyar da nake ji a shagon ɗinki na tsince ta a Jidda, inda na yi shekara huɗu keke da keke da wani mutumin Asmara, babban birnin Eritiriya. Harshen mutanen Eritiriya ne da na yankin Tigirai a arewacin Habasha, dangin Larabci da Amharik. Kada ka haɗa shi da Tigire, wannan harshe ne daban.

Fara da gaisuwa, a nan za ka ji daɗi. Ka ce "selam". In namiji ne ka ce "kemey aleka", in mace ce "kemey aleki". Ka ji ka da ki ɗin nan? Irin namu ne sak, ranar da na gane haka sai da na tsayar da keke. Dattijo kuwa "kemey alekum" za ka ce masa, yadda muke ce wa manya ku. Godiya "yeƙenyeley", ruwa "may".

Kada ka sassauta bakinka don wai harshen baƙi ne. Suna da ƙ da ts irin na "ƙasa" da "tsuntsu", waɗanda Larabawan unguwarmu a Jidda suka yi ta fama da su. Suna kuma da ha da ain na maƙogwaro, wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san su.

Rubutun ne aiki. Da baƙaƙen Gi'iz, tsohon harshen Habasha, suke yi, suna kiransu fidel, daga hagu zuwa dama. Kowane baƙi yana da siffa 7, wasalin a jikinsa yake: ለ le, ሉ lu, ሊ li, ላ la, haka har ሎ lo. Ni allo na samu, baƙi ɗaya da siffofinsa a rana, in wanke da dare. Wanda ya ce zai kwashe su a mako, zai watsar.

Ƙirga kuma a bakin aiki za ka koye ta, ni da maɓallai na koya: hade, kilte, seleste, arba'ite, hamushte. Sai ka saka Tigiriniya a allon rubutun wayarka, ka nemi mai jin harshen ka tura masa ሰላም, wato selam, ka roƙe shi ya amsa da murya don kunnenka ya saba.