Kurakuran da iyalai suka fi yi idan sun kai yara bukukuwan biranen Sifaniya

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi ana yin sa ne tun a gida, kafin a ɗaure jaka. Magidanci zai ga hotunan bikin Fallas, wanda ake kafa manyan mutum-mutumai a tituna sannan a ƙona su, a intanet cikin watan Fabrairu, ya ƙudurta kai iyalinsa birnin Balensiya a watan Maris, bai san cewa manyan ranakun bikin, 15 zuwa 19 ga Maris, an kama yawancin ɗakunan otal ɗinsu tun watanni da suka wuce ba, waɗanda suka rage kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Ana karɓar takardar neman bizar Schengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, tun saura wata 6 a yi tafiya, don haka gyaran shi ne a fara da wuri, a haɗa wa kowane yaro takardunsa daban: takardar haihuwa, shaidar amincewar mahaifin da ba zai bi su ba, da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000. A kuma tabbatar da ranar bikin ta wannan shekarar, domin Semana Santa, makon ibadar Kiristoci mai jerin gwano, tana bin ranar Ista ne, wadda ke sauyawa tsakanin Maris da Afrilu, Feria ta birnin Sebiya kuma tana biyo bayanta da kimanin mako biyu, har wata shekarar takan shiga watan Mayu duk da cewa sunanta bikin Afrilu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa duk abin da aka kira biki ya dace da yaro daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Kusan kowane babban biki a Sifaniya yana da sa'o'in manya, yana kuma da sa'o'in yara, mutanen garin sun san bambancin, baƙo ne kawai ke faɗawa inda bai kamata ba. A Balensiya, tun daga 1 ga Maris har zuwa 19, kullum da ƙarfe 2 na rana ana tayar da albarushi a dandalin da ke gaban majalisar birni, abin da suke kira mascletà. Wannan ba wasan wuta ne na kallo ba, ƙara ce zalla wadda mutum ke ji a ƙirjinsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, to ya ɗauka cewa wannan ta ninka waccan, tana kuma ɗaukar mintuna ba tare da yankewa ba. Iyaye kan kutsa da jariri har gaban shinge don su samu wurin ɗaukar hoto, alhali idan an fara babu hanyar fita saboda cunkoso. Abin da ya dace shi ne a tsaya layi biyu ko uku daga dandalin, a sanya wa ƙananan yara abin toshe kunne, jariri kuwa a bar shi a masauki tare da babba. Haka nan daren 19 ga Maris, lokacin da ake ƙona manyan mutum-mutuman da aka kafa a unguwanni, ana fara ƙona ƙananan da aka yi domin yara tun da farkon dare, kuma wutar wata ƙaramar unguwa ta ishi yaro kallo ba tare da an kai shi turmutsitsin tsakiyar gari ba.

A Pamplona, inda ake bikin San Fermín daga 6 zuwa 14 ga Yuli, doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga gudun da ake yi gaban bijimai da ƙarfe 8 na safe, kuma buɗe bikin da ake yi da tsakar ranar 6 ga wata wuri ne na matsatsi da watsa giya wanda ban ga dalilin kai yaro ba. Abin da yaran garin ke jira shi ne fitowar dogayen mutum-mutumai da masu manyan kawuna da ke zaga tituna da kiɗa kowace safiya. A Basalona ma, a bikin La Mercè na wajen 24 ga Satumba, hasumiyar mutane da ake ginawa da rana abin kallo ne ga kowa, amma gudun wuta na dare, wanda ake fesa tartsatsi kan jama'a, yana da na yara da ake yi kafin na manya, shi ma sai da riga mai dogon hannu ta auduga da hula, domin tufafin roba na iya narkewa a jiki. Jifan tumatir na garin Buñol kuwa, a Larabar ƙarshe ta watan Agusta, tun shekarar 2013 da tikiti ake shiga, kuma matsatsinsa ya fi ƙarfin ƙaramin yaro.

Wani kuskuren da ke ɓata wa mutane rai a Sebiya shi ne zuwa Feria da tunanin za a shiga kowace rumfa a zauna. Wannan biki ya fara ne a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi, yau kuma rumfunan da ake kafawa sun haura 1,000, amma galibinsu na dangi ne ko na ƙungiyoyi, da mai gadi a bakin ƙofa, ba a shiga sai da gayyata. Akwai 'yan kaɗan da kowa ke iya shiga, a nemi sunayensu da inda suke kafin a fita. Da rana ya fi kyau a je, lokacin da mahaya dawakai da kekunan doki ke kai da kawowa cikin ado, sannan a ƙarasa da yara ɓangaren lilo da ke gefen filin.

Agogon ƙasar ma yana rikita baƙo. Abincin rana ba ya kankama sai wajen ƙarfe 2, na dare kuma sai 9, gidajen abinci da yawa suna rufe kicin a tsakani, don haka wanda ya fito da yara da ƙarfe 6 na yamma yana neman tuwon dare zai sha yawo. A ci abinci mai nauyi da rana, a koma masauki a yi barci, a ajiye burodi da 'ya'yan itace a jaka. A lokacin bazara rana kan kai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare ba ta faɗi ba, magariba da isha'i suna ja baya sosai, zafin Sebiya da Kordoba kuma kan haura digiri 40 a Yuli da Agusta. Shi ya sa nake ganin bikin tsakar gidaje na Kordoba, wanda ake yi a farkon watan Mayu, ya fi kowanne sauƙi ga mai ƙananan yara: masu gidaje ne ke buɗe ƙofofinsu kyauta don a ga furannin da suka rataye a bango, sai dai suna rufewa da tsakar rana, wanda ya zo a lokacin zai tarar da ƙofa a kulle.

Ga iyalin Musulmi, batun abinci yana bukatar tambaya fiye da yadda ake zato, domin gujewa cinyar alade da ake ratayewa a shaguna bai wadatar ba. Ana yayyanka ta ƙanana a zuba a kan miyar sanyi ta tumatir mai suna salmorejo, ana cusa ta cikin soyayyun curi da ake kira croquetas, kuma kitsen alade na shiga kayan zaƙi irin su ensaimada da polvorones. A koya wa kowa a gidan kalmomin sin cerdo, wato ba alade, da sin alcohol, wato ba giya, a kuma sani cewa rebujito da ake zagawa da shi cikin tulu a Feria giya ce duk da kamarsa da lemo. Kifi da kayan teku su ne mafita mafi sauƙi. A Balensiya kuma akwai abin da zai faranta wa yaranmu rai, domin horchata da garin ya yi suna da ita daga aya ake yin ta, 'yar uwar kunun aya ce da suka saba sha a gida.

Kuskure ne kuma a shiga biki ba tare da an san ma'anarsa ba. Semana Santa ibada ce ta mabiya ɗarikar Katolika, ana ɗaukar siffofin Annabi Isa da Maryama a kafaɗa a bi tituna, wasu jerin gwanon kuma a yi su cikin shiru. Uba ya yanke shawara tun a gida ko zai kai iyalinsa, idan kuma zai kai su ya yi wa yara bayani kafin su ga mutane sanye da dogayen huluna masu rufe fuska, ya kuma hana su ratsa tsakiyar jerin gwanon ko ɗaga murya. Babban masallacin Kordoba na zamanin Andalus yanzu majami'a ce, ana shiga ziyara amma ba a barin a yi salla a ciki, kuma masu gadi na hana wanda ya gwada. Wanda ke Granada yana da masallacin unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana kallon fadar Alhambra daga kan tudu.

A cikin cunkoso keken turin jariri ya fi zama wahala, musamman a lungunan tsohon gari masu daɓen duwatsu, goyo da zani ya fi shi nesa ba kusa ba. A rubuta lambar waya a ɗaura wa kowane yaro a hannu, a nuna masa kayan 'yan sanda, a ajiye lambar gaggawa 112, fasfo kuma kada ya zauna a aljihun baya. Wanda zai haɗa biki da ziyarar Alhambra ya sayi tikiti makonni kafin ranar, ya yanka har na yaran da ba su kai shekara 12 ba duk da cewa nasu kyauta ne, ya riƙe fasfo ɗin kowa, sannan ya isa ƙofar fadar sarakunan Banu Nasr da ke cikin Alhambra a kan sa'ar da aka rubuta a tikitin, domin wanda ya makara ba a buɗe masa.