Yadda za ka sanar da wadda za ka aura abin da ba ta sani ba game da kai

Fara da tantance abin faɗa. Laifin da ka aikata ka tuba, Allah Ya rufa maka asiri, kada ka tona da bakinka. Amma abin da zai bi ta har ɗakinta dole ta sani: ciwo irin farfaɗiya ko suga, auren da ka taɓa yi, ɗan da ke ƙauye wurin kakarsa, bashi mai nauyi. Malaman Malikiyya sun lissafa hauka da kuturta cikin aibobin da ke ba mutum zaɓin raba aure in an ɓoye masa su. Ke ma mace mai shirin aure, wannan duk ya shafe ki.

Kafin ka buɗe baki, je ka yi gwajin jini. A Gusau akwai Asibitin Yariman Bakura, a Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya. Nemi gwaji uku: jinotayif (wanda ke nuna ko akwai sikila a jininka), cutar HIV da ciwon hanta nau'in B. In kai AS ne ita ma AS, wato kuna ɗauke da sikila a jini amma ba ku da ciwon, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato mai sikila. Nan jama'a ke kuskure, suna zaton ɗa ɗaya ne kawai cikin huɗu zai kamu. A'a, kowane ciki da lissafinsa, ana iya jera uku duk SS. In an ƙara maka jini cikin wata 3 da suka wuce, gaya wa mai gwajin, don jinin wani na iya sa mai SS ya fito kamar AS. Gwajin HIV kuwa a maimaita bayan wata 3 in akwai shakka.

Sai lokaci. Ka yi maganar tun ba a kai kuɗin na-gani-ina-so ba. Da zarar an sa rana, an jera akwatunan lefe gwaggwanni sun ɗaga atamfa ɗaya bayan ɗaya, kunya ce ke yanke hukunci, kuma 'ya'ya ne ke shan wahalar daga baya.

Kada ka tura ta WhatsApp, saƙon murya ba ya tsayawa waya ɗaya. Bari sai wurin zance, ka sallami ƙannen da ke leƙe a bakin zaure, ka ce: "Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin ki ji a gari." Faɗi kai tsaye, ka miƙa mata takardar asibiti, ka yi shiru. Kada ka nemi amsa a daren, ba ta mako ɗaya ko biyu.

In ta amince a ci gaba, ku sanar da babba guda daga kowane ɓangare, baffa ko kawu mai riƙe sirri, sannan ku koma asibiti tare a sake gwajin, kowa ya ga sakamakon ɗan'uwansa da idonsa.