Yadda Ake Tsara Alƙawarin Haɗuwa a Gasar Rediyo Daga Kan Tsauni

A gasar masu rediyon sha'awa ta VHF (zangon rediyo da ke sama da gajeren zango) da abin da ya yi sama, kira kawai ba ya kawo maki. Eriyarka tana ji ne ta fuska ɗaya, ta wanda kake nema ma haka, idan ba ku fuskanci juna a minti ɗaya a mita ɗaya (lambar da ake kamo tasha a kanta) ba, kowa iska zai saurara. Shi ya sa ake ƙulla alƙawari. Misalinmu gasar MHz 144 ce ta yanki na ɗaya na IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, wanda ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ana yin ta a ƙarshen makon farko na Satumba, awa 24 daga ƙarfe 14:00 na agogon duniya, wato UTC, ranar Asabar, kowace kilomita maki ɗaya. Yawancin mahalarta a Turai suke, amma dabarar ɗaya ce ko daga tsaunukan Jos kake.

Fara da karanta dokar gasar ta bana, kada ka dogara da ta bara. Gasannin VHF na ƙungiyar ARRL ta Amurka sun halatta shirya haɗuwa ta waya ko intanet tun 2015, amma a gasar CQ World Wide, wadda ake yi a gajeren zango, yin hakan lokacin gasa laifi ne da zai iya sa a soke sakamakonka. Inda aka halatta ma akwai iyaka. Mita da lokaci da fuskar da za a juya eriya kaɗai za ka faɗa. Rahoton ƙarfin sigina da lambar jeri da tabbacin "na samu" dole su bi ta rediyo. Wanda ya rubuta wa abokinsa "maimaita lambar, 04 kawai na ji" ya ɓata haɗuwar.

Mako guda kafin ranar, ka tantance lambar wurin da za ka kafa tasha a tsarin Maidenhead, mai haruffa da alƙaluma shida. Huɗun farko babban murabba'i ne, Jos misali tana cikin JJ49. Biyun ƙarshe suna nuna fili mai kimanin kilomita 9 a faɗi da 4.6 a tsawo a kusa da tsakiyar duniya, don haka matsawa kaɗan zuwa wani dutse tana iya canza lambar. Sake duba ta da GPS bayan ka kafa eriya. Sannan ka rubuta jadawali a takarda, kwafi biyu: lambar kiran kowace tasha, lambar wurinta, digirin da za ka juya, nisa, lokaci da mita. Takarda ba ta neman caji, kuma ba ruwanta da sabis.

Kowane lokaci a UTC za ka rubuta shi. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, na Ghana daidai yake da shi. Alƙawura da yawa a nan suke mutuwa, ɗaya ya zo da ƙarfe uku, ɗaya da huɗu, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya saɓa.

Zauren hira na intanet da aka fi haɗuwa a Turai don ƙulla alƙawari shi ne ON4KST. Saƙo ya zama gajere, kamar "144.265, yanzu, ina kira minti mai mara, na fuskance ka". Kada ka sa alƙawari a 144.300, mitar kiran kowa ce, za ku toshe wa jama'a kuma su toshe ku. Tsarin minti-minti shi ne ginshiƙin abin: ɗaya ya yi kira a minti na 1 da 3 da 5, ɗayan a na 2 da 4 da 6, kowa ya yi shiru a lokacin ɗan'uwansa. Ba tare da wannan ba, sai ku riƙa magana tare kuna saurare tare. Ku yanke iyaka tun farko, minti biyar ko shida, in bai yiwu ba a ɗaga zuwa asuba, lokacin da iska ta kwanta sigina ya fi tafiya nesa. Nacewa kan tasha ɗaya rabin awa asara ce, ko da tana da nisan kilomita 700.

A kan tsauni sabis ɗin waya ba shi da tabbas. Waya tana ganin turaku da yawa a lokaci ɗaya, ta yi ta tsalle tsakaninsu, alamar sabis cike amma saƙo ba ya fita. Tafi da layukan kamfani biyu, ka ɗaure wayar a inda ta fi kamawa, nesa da gaban eriya. Ka kuma yarda da abokan gasa kan mitar ajiya: in an ji ka shiru a zaure, a neme ka a mita kaza a farkon kowace awa.

Saita fuska yana buƙatar natsuwa. Eriyar Yagi mai sanduna tara tana da buɗin kimanin digiri 35 zuwa 40, tana yafe ƙaramin kuskure. Eriyar faranti mai santimita 60 a GHz 10 kuwa buɗinsa bai kai digiri huɗu ba. Kamfas yana ƙarya a kusa da mota ko sandar ƙarfe, sai ka matsa taku goma kafin ka karanta, ko mafi kyau ka saita da tashar fitila, wato mai aika sigina ita kaɗai a kai a kai, wadda ka san wurinta, ka yi alama da alli a gindin sanda. Ga tashar da tsauni ya tare, akwai dabarar jiran jirgin sama ya ratsa tsakiyar hanya sigina ya dawo daga jikinsa. Manhajar AirScout tana nuna lokacin. Damar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, don haka ba gaisuwa, ba tambayar gida, lamba kawai.

Wuta kan kashe alƙawari fiye da sabis. Rediyo mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 a ƙololuwar magana, ɗaya zuwa biyu a saurare. In matsakaicin abin da kake ja amfiya 6 ne, awa 24 za ta ci amfiya-awa 144, ka ga batir ɗaya mai amfiya-awa 100 ba zai kai ka ƙarshen gasa ba. Idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 11.7 murya takan shaƙe, kai ba ka sani ba, wancan yana ta cewa ka maimaita. Ajiye janareta nesa, mita 20 zuwa 30 na tafiya, ka kuma sa zoben ferit, mai tare sigina, a wayar USB ta kwamfutarka, domin sigina na shiga ta nan ya tsayar da kwamfuta daidai lokacin da ka danna magana. Wayar eriya siririya irin RG-58 mai tsawon mita 15 tana cinye kusan rabin ƙarfinka a MHz 144, yi amfani da mai kauri, gajeriya.

In za ka yi FT8, wato tsarin musayar saƙo ta rediyo da kwamfuta, kuma dokar gasar ta yarda, zagayensa daƙiƙa 15 ne, agogon kwamfuta ya kauce da daƙiƙa biyu sai saƙo ya fara kuɓuce maka. Ƙaramar na'urar GPS ta USB tana gyara agogon ba tare da intanet ba.

Idan kuna biyu, ɗaya ya riƙe makirfo, ɗaya ya riƙe zaure da jadawali, yana miƙa ƙaramar takarda mai lambar kira da mita da digiri. Haɗuwar da lamba ɗaya ta ɓace a cikinta kada a ƙarasa ta da zato, alƙalan gasa suna gwada rajistarka da ta wancan. Ja mata layi, ka sake neman alƙawari bayan awa biyu.