Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Malami Ba Ya Nan Wani Ya Riƙe Masa Aji

Kwana 9 na yi a kwance bayan an yi mini aiki. Ranar da na koma makaranta na tarar ba a kira suna a rajista ba tun ranar da na tafi, littattafan yara cike da darasin da muka wuce tun farkon zango, sannan aka ce shugaban makaranta yana nemana, wai me ya sa ajina ya koma baya a manhaja. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na huce na bi diddigin abin, sai na ga ni ma da hannuna a ciki, ko da yake kaso mafi tsoka na ofis ne.

Bari in fara da namu. Saƙon da malamai suka fi bari shi ne: "Su ci gaba daga inda muka tsaya." To, ina ne inda kuka tsaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai shiga ajin bai sani ba, yaran kuma idan ya tambaye su za su nuna masa shafin da ya fi musu sauƙi. Rubuta lambar shafi, lambobin tambayoyi, da abin da za a karɓa a ƙarshen darasi. Ka ɗauka mai riƙon ba fanninka ya karanta ba, domin sau da yawa haka abin yake: malamin tarihi ne za a tura ajin lissafi. Saboda haka kada ka bar masa sabon batu. Bar masa bita, ka haɗa masa da amsoshi. Kuma ka tabbatar aikin ya fi ƙarfin lokacin. Idan darasi na minti 40 ne, aikin da ka bari ya ƙare a minti 25, ka ba yara kyautar minti 15 na hayaniya, shi kuma ka bar shi da jidali.

Kuskure na biyu shi ne jira sai ciwo ya zo kafin a shirya. Ciwo ba ya sallama. Mutumin da zazzaɓi ya kayar da asuba ba zai iya rubuta tsarin darasi mai ma'ana ba. Tun makon farko na zango, da lafiyarka, ka haɗa fayil guda: jerin sunayen ɗalibai, zanen wurin zaman kowa, jadawalinka, inda makulli da alli suke, sunan ɗalibi biyu da za a iya tambaya su faɗi gaskiya, da aikin darasi 3 wanda bai dogara da inda kuka kai a manhaja ba. Abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi haɗari, shi ne bayanin lafiya. Wa ke da asma, ina maganin shaƙarsa yake? Wa ke da farfaɗiya ko sikila, wa za a kira idan ciwon ya tashi? Wa ke zama a gaba don ba ya gani sosai ko ba ya ji? Baƙo yana iya mayar da irin wannan yaron baya don ya raba shi da abokin surutu, bai san ya raba shi da allo ba. Wannan shafin a ofis ake ajiye shi, ba a kan tebur inda yara za su karanta sirrin junansu ba. Kuma kada ka rubuta "wane fitinanne ne". Rubuta abin da ke kwantar da shi.

Yanzu ga ofis. A nawa lamarin, da yake na san ranar da za a yi mini aikin, na rubuta takarda shafi biyu na miƙa. Da na dawo na same ta a aljihun teburin da aka jefa ta, ko buɗe ta ba a yi ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Babu wanda aka ɗora wa alhakin miƙa ta, don haka kowa ya ɗauka wani ya miƙa. Gyaran ba wuya: mutum ɗaya, da sunansa, shi ke karɓar bayanin malamin da ba ya nan, shi ke danƙa shi hannu da hannu ga mai riƙo. Kai ma malami, bar kwafi biyu, ɗaya wurin abokin aikin da ka yarda da shi.

Makarantu da yawa ba su da jadawalin riƙo ko kaɗan. Sai an kaɗa ƙararrawa mataimakin shugaba zai leƙa ɗakin malamai ya kama wanda ya gani zaune. Kullum kuwa mutum ɗaya ake kamawa: sabon malami, ko mai kunyar da ba ya iya cewa a'a. Lokacin da ake ƙwace masa ba na hutu ba ne, na duba littattafai ne da shirya darasi, don haka rashin malami ɗaya ya taɓa aji biyu. A rubuta jadawalin a manna, a riƙa zagayawa, a kuma rubuta wa ya riƙe sau nawa. Idan rashin zai wuce mako, a tsayar da mutum ɗaya. Ajina malamai 5 suka shiga, kowa ya tambayi yara inda aka tsaya, kowa ya fara daga wuri ɗaya.

Haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, ko barin monita yana rubuta sunan masu surutu, wannan gadi ne, kada a rubuta shi a matsayin an yi darasi. Haka nan kuskure ne ɗora wa marar lafiya nauyin nemo wanda zai riƙe masa, ko damunsa da waya yana gadon asibiti ana tambayar ina makullin kabad. Nemo mai riƙo aikin shugabanci ne. Sai wani ƙaramin abu da ake rainawa: shugaba ko mataimakinsa ya raka mai riƙo zuwa aji ya gabatar da shi. Minti 2 ne, amma yara suna gane wanda ofis ke bayansa.

Shi mai riƙo, kuskurensa kan zama ɗaya cikin biyu: ya shigo da zafi kamar ya zo kame, ko ya nemi yara su so shi ya sakar musu linzami. Bi dokokin ajin yadda ka same su, kada ka sauya hanyar da malaminsu ya koya musu warware tambaya don kawai taka ta fi maka daɗi. Ka kira suna. Kafin ka fita ka bar layi 5: abin da aka yi, abin da ba a kai ba, wa bai zo ba, me ya faru.

Idan ka dawo, yara za su tarye ka da ƙorafi: "Malam, bai koya mana komai ba." Kada ka yanke hukunci da bakinsu kaɗai, kada kuma ka kushe abokin aikinka a gabansu, gobe kai ne za ka riƙe nasa ajin. Yi musu gajeren gwaji na minti 10 wanda ba ya shiga maki, ka ga abin da ya zauna da wanda ya zube, sannan ka sake tsara makonnin da suka rage. Ni a fusace na shiga ofis, muka yi ta musayar magana, na fito ba abin da ya sauya. Sai da na koma na rubuta a takarda: ranakun da ba a kira suna ba, darussan da ba a yi ba, da buƙata guda, wato a ba ni ƙarin darasi 4 kafin jarrabawa. An ba ni 2.