Yadda ake karanta hotunan rada na Titan, watan duniyar Zuhal

Titan ne babba a cikin watannin duniyar Zuhal, faɗinsa kilomita 5,150. Wani hazo mai ruwan lemo ya lulluɓe shi ruf, kaurinsa ya fi na ƙurar hunturu nesa ba kusa ba, har kyamara ba ta iya hango ƙasa da kyau. Shi ya sa mafi yawan abin da aka sani game da duwatsu da kwaruruka da tafkunan wannan wata daga na'urar rada ta kumbon Cassini ya fito. Kumbon ya yi ta kewaya Zuhal daga 2004 zuwa Satumban 2017, ya gifta ta kusa da Titan sau 127, amma ba kowane giftawa aka ba rada dama ba, don sauran na'urorin ma suna jiran rabonsu. Wurin da aka ɗauka da kyau bai kai rabin watan ba.

Kafin ka buɗe hoto ko ɗaya, ka san da me aka yi ƙasar. Sanyin Titan ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi ƙanƙarar ruwa ita ce dutse. Abin da ke zuba kamar ruwan sama, ya gudu a ƙorama, ya taru a tafki, metan ne da etan, nau'o'in iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa. Yashin kuwa ana kyautata zaton ƙwayoyin sinadaran kabon ne da suka samo asali daga hazon. Idan ka ɗauko tunanin dutsen duniyarmu ka ɗora a kai kai tsaye, za ka yi ta kuskure.

Haske a hoton rada ba launi ba ne

Rada tana harba igiyar rediyo ta gefe, ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo. Ta Cassini tana aiki da igiya mai tsawon santimita 2.17, ta farantin kumbon mai faɗin mita 4. Inda amsa ta dawo da ƙarfi sai ya fito fari, inda ba ta dawo ba ya fito baƙi.

Ka kwatanta da mai haska tocila cikin dare bayan an ɗauke ruwa. Tsakuwar bakin titi tana mayar masa da haske, yana ganinta tar. Kududdufin da ke tsakiyar kwalta kuwa baƙi ƙirin yake ganinsa, domin hasken ya daki fuskar ruwan ya wuce gaba kamar a madubi, bai dawo idonsa ba. Haka tafkunan Titan suke yin baƙi.

Abubuwa huɗu ke sa wuri ya yi haske, kuma aikinka shi ne rarrabe su. Na farko kaushi. Ma'auninsa shi ne tsawon igiyar: ka raba 2.17 da takwas, ka sake rabawa da kosain na kusurwar da igiyar ta sauka, wato yadda ta karkata daga tsaye. A kusurwar digiri 20 amsar tana wajen milimita 3. Duk abin da gargadarsa ba ta kai haka ba, sumul yake a wurin rada. Ke nan fili mai tsakuwa kamar ƙwallon goruba zai yi haske fiye da tsauni mai santsi. Na biyu gangare: fuskar da ta kalli kumbon tana haske, wadda ta juya masa baya tana duhu. Na uku irin abin da aka yi ƙasar da shi, domin ƙanƙarar ruwa ta fi yashin kabon mayar da igiya, shi kuma ya fi ruwan metan. Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita masu koyo: a wannan sanyi igiyar tana ratsa ƙanƙara ta shiga ciki, ta yi ta karo da tsaga da ƙofofi, sannan ta fito. Hasken da kake gani yana iya zama na ƙarƙashin ƙasa. An ga irin wannan a duniyarmu ma a 1981, lokacin da rada daga sararin sama ta nuna tsofaffin hanyoyin koguna da yashi ya binne a hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan.

Shirya hoton

Hotunan suna ma'ajiyar bayanan duniyoyi ta NASA da ake kira PDS, kyauta, da sunan BIDR. Kowane giftawa yana da lamba: Ta shi ne na Oktoban 2004, T3 na Fabrairun 2005, T16 na Yulin 2006, haka har zuwa ƙarshe. Manhajar ISIS ta hukumar nazarin ƙasa ta Amurka tana buɗe su ta mayar da su taswira.

Kada ka sauke hoton kaɗai. Tare da shi akwai fayil na kusurwar sauka, da na adadin kallo da aka haɗa a kowane ɗigo, da na iyakar harsunan rada, wato hanyoyin da take harba igiya ta cikinsu. Ka ɗauko su duka.

Hoton dogon ziri ne, faɗinsa daga kilomita ɗari da ɗoriya zuwa wajen ɗari huɗu da hamsin, tsawonsa dubbai. Harsuna biyar ne suka haɗa shi gefe da gefe, kamar yadda ake ɗinke zirin saƙi a yi zane. Inda harshe ya haɗu da harshe akan ga layi miƙaƙƙe mai bin tsawon zirin. Ɗinki ne, ba tsagar ƙasa ba. Duk layin da ya bi tsawon hoton sak, ka duba shi a fayil na harsuna kafin ka sa masa suna.

Abubuwa biyu kuma da ke yawan kayar da mutane. Saman hoton ba arewa ba ne, domin an shimfiɗa shi ne bisa hanyar da kumbon ya bi. Sannan lonjitud na Titan a waɗannan fayiloli yamma ake ƙirga shi. Idan manhajarka ta ɗauka gabas ne, za ta ajiye maka wurin inda ba nan yake ba.

Girman ɗigo ma yaudara ne. Digiri ɗaya a tsakiyar Titan kilomita 45 ne, to fayil mai ɗigo 256 a kowane digiri yana ba da mita 175 a ɗigo. Amma ainihin ƙarfin ganin radar bai wuce wajen mita 350 ba a inda kumbon ya fi matsowa, a bakin zirin kuma ya haura kilomita guda. Sai ga ɗige-ɗigen nan kamar an barbaɗa gishiri da barkono, waɗanda daga tsarin rada suke, ba daga ƙasa ba. Ƙarfinsu yana raguwa da tushen murabba'in adadin kallo: kallo huɗu yana barin tangal-tangal na kusan rabi. Saboda haka kada ka auna haske a ɗigo ɗaya, ka ɗauki matsakaicin fili mai faɗi. Abin da bai kai kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, gara ka bar shi ba suna.

Gano inda hasken ya fito

Wannan mataki ne da ba a tsallakewa. Ka zana kibiya a kan hoton mai nuna ɓangaren da kumbon yake. Tudu yana da farar fuska a ɓangaren kumbon, duhu a bayansa. Rami akasin haka ne: bangon da ke nesa da kumbon shi ke kallonsa, shi ke yin fari. Idan ka juya kibiyar, duk tudu zai zama maka rami.

Rada tana jera abubuwa bisa lokacin da amsarsu ta iso, kan tsauni kuma ya fi gindinsa kusa da kumbon. Don haka tsaunin yakan bayyana ya karkata wajen kumbon, fuskarsa ta gaba ta tsuke ta zama siririn farin layi. Gocewar ita ce tsawon tsaunin a raba da tanjan na kusurwar sauka. Tsauni mai kilomita ɗaya a kusurwar digiri 20 zai goce da kusan kilomita 2.7. Kana iya juya lissafin ka ƙiyasta tsawo daga gocewa, matuƙar ka yarda fuskokin tsaunin biyu gangarensu ɗaya ne, wanda ba kullum yake haka ba. Inuwa ta gaskiya kuwa sai bayan tsaunin ya fi digiri 70 tsayuwa a wannan kusurwa, abin da da wuya a samu a Titan. Duhun da kake gani a baya raunin amsa ne kawai.

Gane siffofi

Jigayin yashi su ne mafi sauƙi. Baƙaƙen layuka ne a jere daga yamma zuwa gabas, tazararsu kilomita ɗaya zuwa huɗu, tsawonsu ɗaruruwan kilomita, tashinsu wajen mita ɗari. Suna tsakiyar watan, galibi cikin digiri 30 arewa da kudu, a filaye irin Belet da Shangri-La. Da aka fara ganinsu a 2005 ba a gane su ba, har aka yi musu laƙabi da karcen faratan kyanwa, sai da aka kwatanta su da dogayen jigayin hamadar Namib. Wanda ya san jigayin da ke tsakanin Agadas da Bilma ya san fasalin. Yashin ne baƙi, hasken da ke tsakani kuma ƙasa ce da yashin bai rufe ba. Ka lura da yadda layukan ke rabuwa su kewaye wani farin tudu, su bar wutsiya a gabashinsa; wannan ke nuna yashin gabas yake tafiya. Idan radar ta kalli jigayin ta gicciye za ka ga siririn ƙyalli a fuskokinsu, idan ta kalle su ta tsawo ƙyallin ya ɓace. Fili ɗaya ne, amma hotuna biyu za su bambanta.

Tafkuna sun fara bayyana a hoton rada a giftawar T16 ranar 22 ga Yulin 2006, a ƙuryar arewa. Baƙi kaɗai bai isa shaida ba, don fili mai laushin yashi ma baƙi ne. Ka nemi abubuwa uku tare: duhu da ya sauka har kusa da hayaniyar na'urar kanta, wajen desibel 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin ƙarfin amsa, gaɓa mai kaifi da ke shiga kwaruruka kamar yatsu, da ƙoramu da ke ƙarewa a bakinsa. Kusa da gaɓa sau da yawa duhun yana sassautawa, domin metan ba ya shanye igiyar sosai, radar tana hango gindin tafkin inda ba zurfi. Akwai kuma ramuka masu siffar tafki da tsayayyen bango amma cikinsu fari: busassun tafkuna ne.

Zurfi ba a hoton ake samunsa ba, sai a ma'aunin tsawo, lokacin da radar ta kalli ƙasa kai tsaye. A Mayun 2013 an samu amsa biyu a kan tekun Ligeia, ɗaya daga fuskar ruwan, ɗaya daga gindi. Lissafin shi ne tazarar lokacin sau gudun haske, a raba biyu, a sake rabawa da 1.3 saboda igiyar tana rage gudu cikin metan. Haka aka samu zurfin wajen mita 160. Wanda ya manta da 1.3 zai samu sama da mita 200. Ka kuma tuna a wannan yanayin aiki ruwa shi ke ba da amsa mafi ƙarfi, don madubin yanzu kumbon yake kallo.

Ƙoramu iri biyu ne. Baƙaƙe, irin Vid Flumina da ke zuba a Ligeia, suna ɗauke da ruwa ko laka mai laushi. Farare, irin waɗanda ke gabashin Menrva, wani babban rami da faɗowar dutsen sama ta haƙa, ana fassara su da busassun kwaruruka cike da mulmulallun duwatsun ƙanƙara. Wannan fassara tana da madogara: Huygens, ƙaramin kumbon da ya sauka a Titan ranar 14 ga Janairun 2005, ya ɗauko hoton irin waɗannan duwatsu, wasu kamar dunƙulen hannu, da alamar gudu ya goge su.

Ramukan da faɗowar duwatsun sama ta haƙa ba su kai ɗari ba a duk abin da aka gani, alamar cewa fuskar watan ba tsohuwa ba ce. Sinlap mai kilomita 80 shi ne misalin da za ka koya da shi: farin zobe, farin tarkace kewaye da shi, ciki mai duhu. Menrva faɗinsa wajen kilomita 400 ne. Sauran da yawa yashi ya cike su, ƙoramu sun cinye bakinsu, don haka ba kowane da'ira ba ne ramin karo.

Kada hoto ɗaya ya yanke hukunci

A hoton farko na 2004 an ga wata da'ira mai faɗin kilomita 180, Ganesa Macula, aka fassara ta da tudun dutse mai aman ƙanƙara. Da bayanan tsawo suka samu daga baya, sai aka tarar ba ta da siffar tudu ko kaɗan. Masana ne suka yi wannan kuskure, ba 'yan koyo ba. Inda hujjar aman ƙanƙara ta fi ƙarfi a yau shi ne Doom Mons, mai tashin kusan kilomita ɗaya da rabi, da ramin Sotra Patera a gefensa mai zurfin kilomita 1.7, kuma ko shi ana ta muhawara a kansa.

Saboda haka ka nemi giftawa ta biyu da ta ratsa wurin daga wata kusurwa. Idan hasken ya sauya gefe, gangare ne. Idan ya tsaya yadda yake, kaushi ne ko abin da ke ƙarƙashi. Ka duba tsawon da aka ciro daga inda harsunan rada suka haɗu, wanda ake kira SARTopo, ko da yake siraran layuka kawai yake bayarwa. Sannan ka duba ma'aunin ɗumin da ƙasar ke fitarwa a wannan igiyar. Jigayi baƙi ne a hoto amma suna fitar da ɗumi sosai, irin halin yashin kabon. Xanadu, yankin nan mai girman Ostareliya, fari ne tas amma ɗuminsa kaɗan, alamar ƙanƙara mai tsage-tsage da ke warwatsa igiya a ciki.

Haka za ka yi da abin da ya sauya tsakanin hotuna biyu. A Yulin 2013 wani farin tabo ya fito a cikin Ligeia inda da baƙi ne, daga baya ya ɓace. An kawo bayanai uku: igiyar ruwa, kumfar iska, ko wani abu mai yawo a saman tekun ko a cikinsa. Kafin ka ce wani wuri ya sauya, ka jera kusurwar sauka da ɓangaren kallo da adadin kallo na hotunan biyu gefe da gefe. Idan kusurwoyin sun bambanta da digiri goma ko fiye, ka fara auna wani fili na kusa da ka tabbata bai motsa ba, ka ga nawa haskensa ya sauya, ka cire wannan daga abin da kake gani.