Yadda ake bin sawun manyan masu zuba kuɗi a ƙuri'ar raba gardama ta Kalifoniya a bayyana su ga masu zaɓe

A jihar Kalifoniya ta Amurka, duk wanda ya shiga rumfar zaɓe yakan tarar da jerin ƙudurorin doka a ƙasan sunayen 'yan takara, kowanne da lambarsa, ana neman ya ce e ko a'a. Ɗan takara yana da iyakar abin da mutum ɗaya zai iya ba shi, amma ƙuduri ba shi da irin wannan iyaka, domin Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shekarar 1981, a wata shari'a da ta taso daga birnin Bakili, cewa ba za a ƙayyade gudummawar da ake bayarwa don goyon baya ko adawa da ƙuduri ba. Abin da ya rage wa mai zaɓe shi ne ya san mai kuɗin. Na ga sababbin masu rubuta rahoto da dama sun ɗauki wannan aiki sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, kuma ni ma a wurin na faɗi da farko, saboda haka can zan fi daɗewa.

Mataki na farko shi ne ka fara da tallan da ake yi don goyon baya ko adawa da ƙudurin. Dokar da Gwamna Jerry Brown ya sanya wa hannu a watan Oktoba na 2017, wadda ta fara aiki a farkon 2018, ta wajabta wa kwamitin da ya biya kuɗin talla, wato ƙungiyar da aka yi wa rajista don tara kuɗin yaƙin neman ƙuri'a da kashe su, ya rubuta sunayen manyan masu ba shi gudummawa guda uku, muddin kowannensu ya kai dala 50,000. A talabijin ana rubuta su da farin rubutu a kan baƙin fili a ƙasan hoto, na tsawon daƙiƙa 5 a gajeren talla, daƙiƙa 10 a wanda ya wuce rabin minti. A rediyo sunaye biyu kawai ake karantawa. Ka tsayar da hoton, ka kwafi sunayen yadda suke harafi da harafi, ka kuma rubuta ranar da ka ga tallan. Ranar tana da muhimmanci domin ana lissafa gudummawar ne daga wata 12 kafin kashe kuɗin zuwa kwana 7 kafin a miƙa tallan ga gidan yaɗa labarai, saboda haka sunayen da ka gani a watan Satumba ba lalle su zama na ƙarshen Oktoba ba.

Daga nan sai ka nemi dukkan kwamitocin da aka yi wa rajista a kan ƙudurin, na goyon baya da na adawa, a rumbun bayanai na Cal-Access da ke ƙarƙashin ofishin sakataren jiha. Ka riƙe lambar rajistar kowane kwamiti, kada ka dogara da sunansa, domin sunaye sukan yi kama da juna kuma ana sauya su a tsakiyar yaƙin neman ƙuri'a. Hukumar FPPC mai sa ido a kan kuɗin siyasa a jihar, wadda aka kafa bayan da masu zaɓe suka amince da ƙuduri mai lamba 9 a 1974, tana wallafa jerin manyan masu gudummawa goma na duk kwamitin da ya tara dala miliyan 1. Duk wannan kyauta ne, ba ya buƙatar komai sai intanet da haƙuri, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya biya kuɗin shiga wani rumbun 'yan kasuwa ba alhali takardun asali suna nan a buɗe.

Mataki na uku shi ne wurin faɗuwa. Sunan da ya bayyana a matsayin mai ba da kuɗi sau da yawa ba shi ne mai kuɗin ba, ɗan aike ne. Lokacin da na fara wannan aiki na taɓa rubuta cewa wata ƙungiya ta talakawa masu biyan haraji ce kan gaba wajen ɗaukar nauyin wani ƙuduri, saboda sunan da na gani ke nan a saman jerin. Bayan an buga rahoton ne wani mai karatu ya nuna mini cewa kusan duk kuɗin ƙungiyar daga kamfanoni biyu suka fito, kuma takardar da ke nuna hakan tana cikin rumbun da na riga na buɗe, ban dai sauka zuwa gare ta ba. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida, kuma ita nake ɗora wa duk wanda nake koya wa: ba a tsayawa a kan suna sai an kai ga mutum mai rai, ko kamfani mai sayar da wani abu, ko ƙungiyar ƙwadago mai karɓar kuɗin membobinta, ko gwamnatin wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. Idan sunan kwamiti ne, ko gamayya, ko ƙungiyar da sunanta ya ƙunshi kalmomi irin su 'yan ƙasa, adalci ko makoma, to ka buɗe takardunta ita ma, ka maimaita aikin daga farko.

Abin da ya faru a 2012 ya isa misali. A watan Oktoba na shekarar wata ƙungiya daga jihar Arizona mai suna Americans for Responsible Leadership ta aika dala miliyan 11 ga wani kwamiti a Kalifoniya da ke adawa da ƙuduri mai lamba 30 na ƙarin haraji, yana kuma goyon bayan mai lamba 32 da ya shafi kuɗin siyasa na ƙungiyoyin ƙwadago. Sai da hukumar FPPC ta kai ƙara har kotun ƙolin jihar, sannan ana gobe zaɓe aka bayyana cewa kuɗin sun biyo ta hannun Center to Protect Patient Rights, ita kuma ta karɓo su daga Americans for Job Security. Hannu uku ke nan kafin su isa kwamitin, kuma a ranar ko hannu na ukun bai nuna mutanen da suka ciro kuɗin daga aljihunsu ba. An ƙare da tarar dala miliyan 1 a watan Oktoba na 2013, shekara guda bayan an gama ƙidayar ƙuri'u. Wannan ne ya haifar da dokar 2014 da ta tilasta wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba su bayyana masu ba su kuɗi idan suka kashe maƙudan kuɗi a siyasar jihar, kuma dokar 2017 ta ƙara da cewa kuɗin da aka bayar da sharaɗin a kai su ga wani ƙuduri dole a rubuta su da sunan mai su na asali.

Duk da haka akwai inda sawu zai ɓace, musamman idan ƙungiyar ta ce daga asusunta na yau da kullum ta ɗebo. A nan mai koyo yakan yi kuskure na biyu, wato ya cike giɓin da zato. Kada ka yi. Ka rubuta cewa kuɗin sun fito daga ƙungiya kaza, ƙungiyar kuma ba ta bayyana masu ba ta kuɗi ba. Wannan jimla labari ce da kanta, kuma ta fi amfani ga mai zaɓe fiye da sunan attajirin da ka ji ana raɗe-raɗinsa ba ka da takardar da ta tabbatar.

Haka kuma ka raba sunan kwamiti da abin da ƙudurin ya ƙunsa. A 2022 kwamitin da ya tallata ƙuduri mai lamba 27 ya sanya wa kansa sunan da ke magana a kan magance rashin matsuguni da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, alhali ƙudurin na halatta cacar wasanni ta intanet ne, manyan masu ɗaukar nauyinsa kuma kamfanonin caca ne irin su DraftKings da FanDuel. Masu zaɓe sun yi watsi da shi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. A 2020 kuwa kamfanonin Uber, Lyft, DoorDash da Instacart da abokan tafiyarsu sun kashe fiye da dala miliyan 200 a kan ƙuduri mai lamba 22, wanda ya bar direbobinsu a matsayin masu zaman kansu maimakon ma'aikata, kuma ya samu amincewa. Wanda ya rubuta sunan kwamiti ya tsaya bai gaya wa mai karatu komai ba a duka misalan biyu.

Mataki na huɗu lissafi ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ƙidaya kuɗi ɗaya sau biyu. Idan kwamiti na ɗaya ya tura wa na biyu dala miliyan 5, dukansu za su nuna adadin a cikin abin da suka karɓa, kai kuma sai ka cire ɗaya kafin ka haɗa jimla. Ka haɗa da gudummawar da ba ta tsabar kuɗi ba, kamar lokacin ma'aikata ko binciken jin ra'ayi da wani kamfani ya biya, ka kuma ware rance a gefe ka faɗi cewa rance ne. Cikakken rahoton kwamiti yana kan fom 460, amma a kwana 90 na ƙarshe kafin zaɓe duk gudummawar da ta kai dala 1,000 dole a sanar da ita cikin awa 24 a fom 497, kuma a can ne manyan kuɗin makon ƙarshe suke bayyana. Ni a wannan lokacin kullum da safe nake dubawa.

Sauran aikin rubutu ne. Ka jera masu kuɗin daga babba zuwa ƙarami, ɓangaren e da na a'a da ma'auni ɗaya ko da kana da ra'ayi a kan ƙudurin. A gaban kowane suna ka sa adadi, da sana'ar mai shi, da abin da ƙudurin zai ƙara masa ko ya rage masa, a jimla ɗaya. Uku zuwa biyar sun isa a kowane ɓangare, goma sun yi wa mai karatu a waya yawa. Ka sa ranar da ka ɗauko alƙaluman a sama. Ka kuma fitar da rahoton a farkon Oktoba, domin jihar tana aika wa duk mai rajista takardar zaɓe ta gidan waya kusan wata guda kafin ranar zaɓe, kuma da yawa sun riga sun cike sun mayar kafin mako na ƙarshe.